Hanyar Bakin Teku Daga Ikko Zuwa Elmina

Ya kai mai karatu, ka sani yawancin kayan da ka ke gani a kasuwa waɗanda ba a ƙasarmu a ke yinsu ba, ta teku su ke zuwa. Amma sau da yawa mutum ya kan tsufa bai taɓa ganin tekun nan da idonsa ba. A cikin wannan darasi za mu ɗauka kaka ta yi, ka gama girbi, ka zuba hatsi a rumbu, ka sami 'yan kuɗi a hannu. Sa'an nan kai da uwargidanka kuka shiga mota, kuka gangara kudu, kuna so ku bi hanyar bakin teku daga Ikko, watau Legas, har Elmina ta ƙasar Gana. Tsawon hanyar nan kilomita 600 ne da 'yan kai, ta kuwa ratsa ƙasa huɗu: Nijeriya, da Benin, da Togo, da Gana.

Abu guda za ka riƙe a ranka tun daga farkon tafiya. Gaɓar nan ba ta da mashiga mai sauƙi wadda manyan jirage za su fake a ciki. Saboda haka labarin kowane gari da za ku ratsa, labari ne na yadda mutane suka nemi ƙofa zuwa teku, da kuma abin da ya bi ta ƙofar nan, na alheri da na sharri.

Shirin Tafiya

Kowane ɗayanku ya riƙe fasfo nasa, da katin rigakafin ciwon shawara. Takardar miji ba ta isar mata. Ƙasashen nan huɗu duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko cikin 1975, don haka mutumin ɗayansu yana iya shiga sauran ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. In da motarka za ku tafi, sai ka haɗa da takardunta, da lasin, da inshorar da ke aiki a ƙetaren iyaka.

Kuɗi iri uku za ku kashe. A Nijeriya naira, a Benin da Togo sefa, a Gana sidi. In za ka yi canji, ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ka rubuta lissafin a takarda da hannunka, sa'an nan ka ƙirga kuɗin a gaban mai canjin. Ga wani amfani na karatun da ka koya.

Kada ku bar laima a gida. A ƙasar Hausa ruwa ya kan ɗauke cikin Oktoba, amma a bakin teku damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa wajen farkon Nuwamba. Hunturu ba ya isa can sai Disamba. Watau kuna iya barin gida ana sussuka, ku tarar ana tsuga ruwa a Ikko.

Yadda Gaɓar Ta Ke

Da kun isa bakin ruwa za ku ga abu uku a jere. Na fari teku, tana turo igiyoyi manya suna dukan ƙasa dare da rana. Na biyu tudun rairayi mai tsawo, cike da itatuwan kwakwa. Na uku, bayan tudun nan, wani dogon tafki mai kwantaccen ruwa, wanda koguna ke zubawa a ciki. Haka ƙasar ta ke tun daga Ikko har bakin kogin Bolta a Gana.

Igiyoyin nan ba su zuwa sak, su kan zo a karkace daga kudu maso yamma. Don haka kullum suna kwasar rairayi suna turawa gabas, suna toshe bakin tafkuna da koguna da shi. Shi ya sa a zamanin da babban jirgi ba ya iya matsowa. Sai ya tsaya can nesa, masu kwalekwale su ratsa igiyoyi su kai masa kaya, su ɗauko nasa. Kwalekwale da yawa sun kife a wannan aiki, dukiya ta nutse, rayuka sun salwanta.

Ku yi kallo daga tudu, kada ku shiga wanka. Ruwan da ya doki gaɓa ya kan koma da ƙarfi, yana jan mutum ciki ko da gwanin iyo ne a kogi.

Ikko da Badagiri

Ikko ta kafu a kan tsibiri cikin tafki, kusa da inda tafkin ya buɗe baki zuwa teku. Wannan ƙofa ita ce arzikinta. Ingilishi suka karɓi garin a 1861. Daga baya suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar don su tare rairayi, suka yashe ta, har manyan jirage suka fara shiga a 1914. Hanyar jirgin ƙasa kuwa ta riga ta isa Kano a 1911, sai gyaɗa da fatu da auduga na Arewa suka riƙa gangarowa nan. Ikko ce hedkwatar Nijeriya har 1991, sa'ad da aka koma Abuja.

Daga Ikko sai ku nufi yamma zuwa Badagiri, tsohon garin ciniki a bakin tafki. Daga nan wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya tashi cikin 1825 ya nufi ƙasar Hausa, ya rasu a Sakkwato a 1827. Gaba kaɗan sai iyakar Seme. Ku sauka, kowa ya miƙa fasfonsa da kansa, a buga hatimi. Kada ka ba ɗan kamasho takardunku ya shige da su inda ba ka gani.

Kwatano da Wida

Da kun ƙetare iyaka, allunan hanya za su juya zuwa Faransanci. Faransawa su kan rubuta "ou" inda mu ke rubuta "u" ko "w". To, in ka ga Cotonou, Kwatano ke nan. In ka ga Ouidah, Wida ke nan. Daga Ikko zuwa Kwatano kimanin kilomita 120 ne.

Hedkwatar Benin ita ce Porto-Novo, amma Kwatano ta fi ta girma nesa, domin nan tashar jiragen ruwa ta ke, wadda aka buɗe a 1965. A nan babbar kasuwar Dantokpa ta ke, ga 'yan acaɓa masu rawayar riga ko'ina. Arewa da garin, cikin tafkin Nokuwe, akwai wani ƙauye da a ke kira Ganbiye, wanda gidajensa duk a kan turaku su ke cikin ruwa, har kasuwa ma a kwalekwale a ke ci. An ce kakanninsu sun shiga ruwan ne don su tsere wa masu kamun bayi.

Kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano sai Wida. Sarkin Dahomi, Agaja, ya ci garin da yaƙi a 1727 don ya sami ƙofarsa ta kansa zuwa teku. Tsakanin garin da bakin ruwa akwai wata hanya ta wajen kilomita 4, wadda a ke kora bayi ta kanta, a ƙetare tafki da su, a zuba su a kwalekwale zuwa jirgi. Mutanen da aka fitar ta nan sun fi miliyan ɗaya. A 1995 aka gina wata babbar ƙofa a ƙarshen hanyar don tunawa da su, ana kiranta ƙofar da ba a komowa.

Ƙasar Togo

A iyakar Togo ka mai da agogonka baya da awa guda, gama lokacin Togo da Gana yana bayan namu. Salla kuwa rana za ka duba. In alƙibla ta rikice maka, ka sa teku a hannunka na dama, ka fuskanci gabas, ka ɗan karkata hagu. Malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ko da ya ke ba ya shawuwa don gishiri.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba. Garin farko shi ne Anaho, inda Jamusawa suka yi hedkwata kafin su koma Lome a 1897. A Lome suka gina wata doguwar gada ta ƙarfe da ta miƙa cikin teku a 1904, don kaya su wuce inda igiyoyi ke fashewa. Tashar jirage ta sosai kuwa sai a 1968 aka buɗe ta. Daga Kwatano zuwa Lome kimanin kilomita 150 ne.

A nan za ka ga wani abin lura. Katangar tashar ta tare rairayin da ke tahowa daga yamma, sai ya taru a gefenta na yamma. Gefen gabas kuwa ya rasa mai cike masa gurbi, teku ta yi ta cinsa. Tsakanin Lome da Anaho ruwa ya cinye gidaje da gonaki da tsohuwar hanyar mota. Haka kuma ya faru gabas da tashar Kwatano, da gabas da mashigar Ikko. Tasha ta kawo wa birni arziki, amma masuntan ƙauye su suka biya da gidajensu.

A babbar kasuwar Lome sai ka bar uwargida ta wuce gaba, gama cinikin atamfa a hannun mata ya ke. Waɗansunsu sun yi arziki har suka riƙa hawan Marsandi, aka yi musu laƙabi da Nana Benz.

Akara da Tema

Lome tana manne da iyakar Gana, da kun fita garin kun shiga Aflawo. Daga nan allunan hanya za su koma Ingilishi. Za ku ƙetare kogin Bolta ta kan gada, ku ratsa wani fili mai ciyawa, jefi-jefi ga kuka tsaye, sai ka ce kun komo gida. Dalili kuwa, ruwan da a ke yi a Akara bai kai rabin na Ikko ba. Daga Lome zuwa Akara kimanin kilomita 190 ne.

Akara, wadda Hausawan da ke kira Ankara, a allo an rubuta ta Accra. Ta zama hedkwata a 1877, amma shekaru da yawa da kwalekwale a ke sauke kayanta, har aka buɗe tashar Tema gabas da ita a 1962. A unguwanni irin su Sabon Zango da Nima za ku ji Hausa raɗau, ku sami masauki da tuwo da masallaci. Fataken goro na hanyar Gwanja, da Hausawan da suka yi wa Ingilishi aikin soja, suna cikin waɗanda suka kafa zangunan ƙasar nan.

Kep Kos da Elmina

Yamma da Akara gaɓa ta sake kama. Maimakon rairayi zalla, sai ga duwatsu sun shiga cikin teku, suna kare ƙananan lunguna daga igiyoyi. A nan Turawa suka sami wurin sauka, da dutsen gini, da zinariya. Saboda haka suka jera kagaru fiye da 30 a gaɓar Gana, kowace da igwoginta.

Kimanin kilomita 150 daga Akara sai Kep Kos, wadda a ke rubutawa Cape Coast, gaba da ita kuma da wajen kilomita 12 sai Elmina. Mutanen Fotugal suka iso wannan wuri a 1471, suka gina kagarar Elmina a 1482. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingilishi kuma suka karɓa a 1872. Da fari zinariya a ke ajiyewa a ɗakunanta na ƙasa. Daga baya sai aka mai da su kurkukun bayi, maza daban, mata daban, cikin duhu da zafi, alhali gwamna yana shan iska a bene bisa kansu.

Ku shiga ku gani tare, kai da uwargida, gama gani ya kori ji. Masana sun ƙiyasta mutanen da aka ɗiba daga Afirka zuwa ƙetaren tekun nan sun kai wajen miliyan 12 da rabi, kusan miliyan 2 kuwa a hanya suka mutu. Turawa ne masu saye, amma sarakuna da fataken ƙasashenmu su ne masu sayarwa. Da Hausawa a cikin waɗanda aka sayar, musamman kamammun yaƙi bayan 1804, aka fitar da su ta Ikko da Wida zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil. A can bayi Musulmi suka yi bore cikin watan azumi na 1835, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Ka ga har cikin bauta ba su saki karatunsu ba.

In kun fito, ku tsaya a kan gada ku dubi bakin tafkin Elmina, cike da kwalekwalen masunta masu tutoci. In ran Talata ce za ku same su duk a ɗaure, gama ba su fita su a wannan rana. Nan tafiyarku ta ƙare. Abin da kuka gani ku riƙe shi, in Allah ya mai da ku gida lafiya ku ba yara labari, kai ka faɗa a zaure, ita ta faɗa a cikin gida.

Tambayoyi

1. Ƙasa nawa hanyar nan ta ratsa, kuɗi iri nawa kuma a ke kashewa?
2. Me ya hana manyan jirage matsowa gaɓa a zamanin da?
3. Don me teku ke cin ƙasa a gabas da tashar Lome?
4. Me ya sa kagarun Turawa suka yi yawa a gaɓar Gana?
5. Ka tara 120, da 150, da 190, da 150, da 12. Kilomita nawa ke nan daga Ikko zuwa Elmina?