Filin Shawara: Citta ta ruɓe, kunya ta hana ni zuwa zumunta

Gwaggo, ni matar aure ce daga yankin Kachia, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana manomin citta ne, kuma a shekarun baya Allah ya buɗa mana ƙwarai: muka yi ginin bulo, yara suka shiga makarantar kuɗi, ranar godiyar kaka kuwa buhu-buhu muke kaiwa majami'a. Sai cutar citta ta daminar 2023 ta faɗa wa gonarmu, ganye ya yi rawaya, citta ta ruɓe a ƙasa, ko iri ba mu tsira da shi ba. Har yau ba mu miƙe ba. Ankon zumuntar mata ya gagare ni, na daina zuwa taro, ran Lahadi ma a baya nake zama in sulale kafin a sa albarka. Kwanan baya Baba pasto ya yi wa'azi a kan wadar zuci, na fito raina a ɓace, don gani nake mai ƙoshi ne ke ce wa mai yunwa ya yi haƙuri. Zunubi ne in so mu koma yadda muke a da?

— 'Yarki, daga Kachia

'Yata, salama. Ba zunubi ba ne. Mace ta so 'ya'yanta su ci su ƙoshi, su yi karatu mai kyau, ina laifi? Kuma abin da ya same ku ba ƙarami ba ne. Cutar ta bi gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, ta faɗo a shekarar da aka janye tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi sama daidai lokacin da hannunku ya bushe.

Amma ki sake buɗe wurin da Baba pasto ya karanta muku, ina kyautata zaton Filibiyawa sura 4 ce, ki duba wane ne mai maganar. Manzo Bulus a tsare yake lokacin da ya rubuta wasiƙar nan. Mutanen Filibi kuma sun san shi da wahala tun farko, don a garinsu aka yi masa bulala shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu. A garin dai ya sauka gidan Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya masu tsada. Ya ga ƙoshi, ya ga yunwa, kuma da kansa ya faɗa cewa koyon zama da kowanne ya yi. Abin koyo kuwa lokaci yake ci. Kada ki tuhumi kanki don wa'azi ɗaya bai kwantar miki da rai ba.

Ga abin da masu wa'azi kan tsallake, ni kuwa a nan na fi so ki tsaya. Wannan sashe godiya ce a kan gudummawa. Ikilisiyar Filibi ta tara abin da ta tara, ta aiko Abafaroditus ya kai wa Bulus, ya karɓa, ya ce sun kyauta. Mutumin da ya kafa ikilisiyar da kansa bai ji nauyin a san yana cikin rashi ba, bai kuma mayar da kyautar don kare girmansa ba. To ke me ya sa kike ɓuya a bencin baya?

Zan faɗa miki gaskiya irin ta uwa. A wasiƙarki ban ga kin yi kukan tuwo ba, kukan anko da buhun godiya kika yi. Kin saba ke ce mai bayarwa, ana kallonki ana sambarka, yanzu zama cikin masu karɓa ya yi miki ɗaci. Wannan ɗacin shi ne ya kamata ki kai gaban Allah, don ina jin ya fi asarar gonar cin ranki. (Mu ma matan zumunta muna da namu laifin: sabon zane a kowane taro, har mun mayar da zumunci abin da sai mai hali.)

Ki je wurin shugabar zumunta, ke da ita kawai, ki gaya mata halin da ake ciki. Za ki yi mamakin yawan matan da citta ta kayar irinki, kowacce na ɓoyewa. Ki koma taro da zanen da kike da shi, kada ki ci bashi don anko. Ranar godiya, in mudun masara ne ya samu, ki ɗauka ki bi layi da shi. In kuɗin makaranta ya fi ƙarfinku, mayar da yara makarantar gwamnati na ɗan lokaci ya fi bashi mai ruwa.

Wadar zuci kuma ba naɗe hannu ba ce. Bulus ɗin nan ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da Biriskila don ya ci da kansa. Ku zauna da maigida ku raba ƙafa: masara, waken soya, ɗan kiwo, citta kuma a sabon fili da irin da malaman gona suka tabbatar da lafiyarsa. Ki kuma lura da shi. Namiji in ya faɗi irin wannan faɗuwa yakan yi shiru ne, shirun kuma ba alamar lafiya ba ce.

*

Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne a Kaduna. Ina da busasshiyar citta a ajiye lokacin da cutar ta zo, farashi ya tashi, na samu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. Ina fitar da zakka, amma barci ya ƙaurace mini. Kullum lissafi nake, ina tsoron kada su ƙare.

— Ɗanki, daga Kaduna

Ɗana, da gangan na sa wasiƙarka a ƙarƙashin ta 'yar'uwarka. Ka karanta tata sau biyu, don tsadar da ta ɗaga ka daga asarar irinsu ta fito. Ba sata ka yi ba, ciniki ne, amma sanin haka ya kamata ya taɓa yadda kake riƙe kuɗin.

Ajiya ba rashin bangaskiya ba ce. Yusufu a Masar ya sa an tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi, sai dai da yunwa ta zo buɗe rumbunan ya yi. Agur kuma, a Karin Magana sura 30, tsoron wadata ya yi kamar yadda ya ji tsoron talauci, don ya san ƙoshi kan sa mutum ya manta da Ubangijinsa. Ciwonka shi ne ba ka taɓa yanke wa kanka abin da ya ishe ka ba, shi ya sa kowane adadi ke yi maka kaɗan.

Ka zauna da matarka, ku rubuta abin da gida ke ci a shekara, da jarin da kasuwa ke buƙata, da ajiyar ko-ta-kwana. Abin da ya haura wannan, ka ware wani kaso ka nemi dattawan ikilisiya a ƙauyukan da ka saba sayen kaya, a saya wa manoman da suka faɗi iri da taki kafin ruwa ya sauka. Ka roƙe su kada a ambaci sunanka a sanarwar Lahadi.

— Gwaggonku