Motsi da Tsayuwa a Ƙere-ƙeren Alexander Calder

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'o'i biyu na ayyukan Alexander Calder, mai fasaha ɗan Amurka: masu lilo da ake ratayewa, da kafaffu da ake girkewa a ƙasa. Ta nuna cewa motsi ne ginshiƙin duka biyun, sannan ta taɓo matsalar sunan da ya dace da su a Hausa.

1.0 Gabatarwa

An haifi Calder a shekarar 1898, ya rasu a 1976. Gadon fasaha ya yi, domin mahaifinsa da kakansa masu sassaƙa mutum-mutumi ne, amma shi injiniyanci ya karanta, ya kammala a 1919. A 1926 ya tafi Paris, inda ya yi suna wajen sarrafa waya ta zama siffofin mutane da dabbobi. Ziyarar da ya kai ɗakin aikin mai zane Piet Mondrian a 1930 ce ta juya akalarsa. Ya ga kwalaye masu kusurwa huɗu, launi-launi, manne a bango, sai ya yi sha'awar a ce suna motsi. Daga nan ya karkata daga kwaikwayon halitta zuwa tsurar siffa da launi.

2.0 Masu Lilo

Marcel Duchamp ne ya raɗa wa wannan nau'i suna mobile a 1931, kalmar Faransanci mai harshen damo: abu mai motsi, da kuma dalilin aikata abu. Da farko inji ko hannu ke juya su. To amma inji maimaita motsi ɗaya yake yi, don haka Calder ya bar wa iska aikin.

Ƙa'idar ginin irin ta sikeli ce. Ana liƙa fallen ƙarfe a kowane gefe na sandar waya, a laluɓo gurbin da ɓangarorin biyu ba sa rinjayar juna, a rataye ta daga nan. Sandar da kayanta sai su zama nauyi guda a gefen wata sanda da ke sama, a sake neman daidaito. Saboda haka daga ƙananan rassa ake faro aikin, a haura. Idan iska ta taɓa falle ɗaya, motsin yakan bi rassan ɗaya bayan ɗaya, har siffar duka ta sauya. Babban misali shi ne wanda aka rataye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washintan a 1977, bayan rasuwarsa. Faɗinsa ya kai mita 23, amma da yake an yi shi da alminiyam mara nauyi, 'yar iskar cikin ginin ta isa ta juya shi.

3.0 Kafaffu

Jean Arp ne ya kira waɗannan stabile a 1932. Manyansu faifan ƙarfe ne da aka yanka, aka ɗaure da noti. Daga ciki akwai La Grande Vitesse na 1969 a garin Grand Rapids, da Flamingo na 1974 a Shikago, mai tsawon mita 16, ja wur a gaban baƙaƙen benaye. Ba a ɗora su kan dandamali ba. Da ƙafafunsu suke tsaye a fili, jama'a na ratsawa ta ƙarƙashinsu, kuma duk takun da mutum ya yi, siffar da yake gani takan canza. Ke nan motsin bai gushe ba, ya dai koma kan mai kallo.

4.0 Batun Suna

A Hausa akan sanya irin wannan fasaha a ƙarƙashin sassaƙa. Sai dai masassaƙi rage itace yake yi har turmi ya fito, alhali Calder yankawa yake yi, ya lanƙwasa, ya harhaɗa. Wannan ya fi kusa da ƙira. Haka kuma kalmar mutum-mutumi ba ta dace da abin da bai kwaikwayi kowace halitta ba. Bisa wannan ne maƙalar ta zaɓi "ƙira mai lilo" da "kafaffiyar ƙira".

5.0 Kammalawa

An ga cewa Calder ya shigar da lokaci cikin fasahar da a da aka sani da tsayuwa cik, domin babu aikinsa da ake ƙare gani da kallo ɗaya. Aikin da ya rage ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi shi ne auna sunayen biyu da aka gabatar, a tabbatar da su ko a kawo waɗanda suka fi su.