Kula da Injin Dizal a Lokacin Hunturu: Darasi ga Manoman Rani na Ƙasar Katagum

Gabatarwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ne noman rani ke kankama a fadamun kogin Jama'are, har zuwa garin Katagum a ƙaramar hukumar Zaki. A daidai wannan lokaci ne kuma injin dizal, wato mai shan man gas, ya fi yin gardama da asuba. Tarakta, injin niƙa, babban injin ban-ruwa da motar da ke kai albasa da tumatir kasuwar Azare duk abin yana shafarsu. Ana son shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba, saboda haka taraktar da ta ƙi tashi mako guda ta rage maka amfanin gona. Tumatir kuwa ba ya jiran bakanike. Wannan darasi zai nuna maka dalilin gardamar da hanyar maganinta.

Yadda sanyi ke shafar injin

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na injin fetur. Matse iska yake yi a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ta fesa mai, ya kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye wannan zafi. Bayan haka, baƙin mai yana yin kauri, ƙarfin batir kuma yana raguwa.

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada da Rasha, man dizal kansa yana daskarewa, domin akwai wani irin kaki a cikinsa da ke fara kamewa idan sanyi ya kusa sifili, ya toshe filta. Shi ya sa ake sayar musu da man hunturu na daban. A ƙasar Katagum, duk da cewa awo yakan sauka ƙasa da digiri 15 da dare, sanyin bai isa ya daskarar da mai ba. Don haka kada ka zuba kananzir a tanki da sunan tsinka mai. Kananzir ba shi da santsi, yana cinye famfon mai da nozul. Abokan gabanka a nan su ne raunin batir, ƙurar hazo da ruwa a cikin mai.

Abubuwan da ya kamata ka yi

1. Duba batir tun kafin hunturu ya shigo. Kankare gishirin da ke kan kawunansa, ka ɗaure su tamau.
2. Cika tanki da yamma. Tankin da ya kwana da saura yana yin raɓa a ciki, raɓar ta zama ruwa a ƙarƙashin mai.
3. Tsiyaye ruwan da ya taru a kofin filtar mai kowace safiya.
4. Kakkaɓe filtar iska kullum a kwanakin hazo. Idan ta huje, a canja ta.
5. Idan injin yana da hita, murɗa makulli ka jira fitilarta ta mutu kafin ka tayar.
6. Kada ka riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15. Huta kamar minti ɗaya, sannan ka sake.
7. Bar injin ya ɗumama minti 3 zuwa 5, sannan ka fara aiki a hankali.

Gargaɗi: kada a hura wuta ƙarƙashin injin, kada kuma a fesa fetur a bakin shan iska. Na farko yana jawo gobara, na biyu yana fasa fistin.

Karanta launin hayaƙi

Farin hayaƙi da ya ɓace bayan 'yan mintoci, mai ne da bai ƙone ba saboda sanyi. Idan ya ci gaba bayan injin ya yi zafi, a duba nozul, a kuma duba ko ruwan lagireto yana raguwa. Baƙin hayaƙi alama ce ta ƙarancin iska ko yawan kaya, kuma kuɗin manka ne ke fita ta salansa. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Kada a tayar da injin a rufaffen ɗaki, domin a shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Na'urorin rage hayaƙi

Motocin da ake shigowa da su daga Turai, da wasu sababbin taraktoci, suna ɗauke da na'urori uku da ya kamata ka sani.

Ta farko, wadda kanikawa ke kira EGR, tana mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. Idan kunkunniya ta toshe ta, mota takan rasa ƙarfi.

Ta biyu, DPF, matata ce a jikin salansa mai kama kunkunniya. Tana wanke kanta ne ta hanyar ƙone abin da ta tara, kuma hakan yana bukatar zafi kusan digiri 600. Direban da ya bar mota tana aiki a tsaye sa'a guda da asuba don ɗumi, shi ne ke toshe ta. Idan fitilarta ta kama, hau babban titi, kamar na Azare zuwa Potiskum, ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa.

Ta uku tana aiki da wani ruwa mai suna AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin 100 nasa yuriya ce tsantsa, sauran kuma tataccen ruwa. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, shi ya sa aka yi wa tankinsa hita. A wurinmu zafi ne ke ɓata shi, don haka a adana shi a inuwa. Idan ya ƙare, motar tana rage gudu ko ta ƙi tashi. Kada ka jiƙa takin yuriya na gona ka zuba, domin dattin da ke cikinsa yana lalata na'urar, kuma gyaranta yana da tsada. Kada kuma a zuba AdBlue a tankin mai.

Waɗannan na'urori an ƙera su ne don mai mai tsabta. Tun 2009 dokar Turai ta taƙaita sinadarin farar wuta a man dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan, a 2020 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan. Man bakin hanya ba shi da tabbas, don haka ka sayi naka a amintaccen gidan mai. Cire na'urar ba magani ba ne: yana rikita kwamfutar mota, hayaƙin kuma ku da iyalinku ne za ku shaƙa.

Kammalawa

Tun ran gini, ran zane. Kafin ƙungiyarku ta sayi mota ko tarakta, a tambaya ko tana shan AdBlue, da kuma ko akwai bakanike mai na'urar duba ta a kusa. Malaman gona su tara direbobi da masu injuna tun cikin Oktoba, a gwada musu tsiyaye ruwa da kakkaɓe filta a aikace. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin hukumar BSADP.