Na'urar Jin Karo ta Jakar Iska a Mota: Gano Matsala da Hanyoyin Gyara

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke yawo a titunan Arewacin Nijeriya 'yan Beljiyam ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su. Wasunsu sun taɓa yin haɗari a can, aka yi gwanjonsu, aka gyara a nan. Wannan ya sa jakar iska, wadda makanikai ke kira iyabag, ta cancanci nazari. Maƙalar ta taƙaita ga na'urar da ke jin karo, wadda a gareji ake ce wa sansa, da yadda ake gano lalacewarta. An zaɓi "jin karo" a kan "ganin karo" domin na'urar ba ta hango haɗari, girgizarsa take ji bayan ya auku.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Jakar iska ba ta fashewa don an daki mota kawai. Abin da na'urar ke aunawa shi ne saurin da gudun mota ya ragu da shi farat ɗaya. Tsofaffin motoci sun yi amfani da ƙwallon ƙarfe da maganaɗisu ke riƙewa a cikin bututu, in karo ya yi tsanani sai ya kuɓuce ya haɗa wuta. Na zamani kuwa ɗan ƙaramin guntun silikon ne mai aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar jakar, wadda galibi take tsakiyar mota kusa da giya. Ana ɗaure sansar gaba kusa da lagireto, ta gefe kuma a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi ko cikin ƙofar kanta. Ƙwaƙwalwar ba ta yarda da shaidar sansa ɗaya sai ta gwada da wadda ke cikinta, sannan ta kunna sinadarin da ke cika jakar da iskar gas. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido.

3.0 Gano Matsala

Alama ta farko ita ce fitilar SRS a dashbod. A lafiyayyar mota takan kama na 'yan daƙiƙoƙi idan an murɗa makulli, sai ta mutu. Idan ta zauna a kunne, ƙwaƙwalwar ta ga matsala, kuma mai yiwuwa jakar ba za ta buɗe ba ranar da ake bukatarta. Idan kuwa ba ta kama ba sam, abin ya fi muni, domin sau da yawa cire ƙwan aka yi ko aka rufe shi don a ɓoye aibi ga mai saye.

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da soket mai ƙafa 16 na tsarin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ƙananan na'urorin bincike masu araha lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da harafin P, alhali na jakar iska galibi da B suke farawa. Mai wayarin da ya jona irin wannan na'ura ya ce "babu komai" bai yi ƙarya ba, amma bai duba inda ciwon yake ba.

A nan ne aka fi yin kuskure. Lambar da ta ambaci sansa tana nuna hanyar wutar sansar ce baki ɗaya, ba ta ce sansar ta mutu ba. Tana iya zama waya ce ta yanke bayan an yi gyaran bamba, ko ruwan damina da na wanki ya shiga soket ya kawo tsatsa, ko batir ya yi rauni. Soket ɗin ƙarƙashin kujera yakan saki saboda ja da turawa, haka ma naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari takan tsinke, kuma idan ita ce, sau da yawa hon ma yakan daina aiki. Wani lokaci kuma laifin na ƙwaƙwalwar ne: a Janairun 2020 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 3.4, har da Corolla ƙirar 2011 zuwa 2019, saboda hargitsin lantarki lokacin karo yana iya hana jakar buɗewa. Sayen sabuwar sansa ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

4.0 Gyara

Kafin a taɓa kowace waya mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne launin wayoyin jakar iska a yawancin motoci, wajibi ne a kashe mota a cire kan batir, sannan a jira. Toyota ta ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90, Honda kuma minti 3, domin ƙwaƙwalwar tana ajiye wuta ko da batir ya fashe a haɗari. Ba a kuma auna jakar kanta da mita, don wutar mitar tana iya tayar da ita a fuskar mai aiki.

Idan an tabbatar waya da soket lafiya lau suke, sai a sauya sansar, ba a buɗe ta a gyara. Dole lambar sabuwar ta dace da ta tsohuwar, a ɗaura ta ta fuskar da kamfani ya tsara, a ɗaure noti daidai gwargwado a kan ƙarfen da bai lanƙwashe ba. Wadda ta faɗi ƙasa ba a amfani da ita. Nan ne sansar hannu da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna take da wuyar sha'ani, domin babu mai iya gane tarihinta da ido. Bayan an gama sai a goge lambar, a sake kunna mota a ga ko za ta dawo.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta saka ɗan rizisto mai ƙarfin om 2 zuwa 3 a gurbin jakar da ta riga ta fashe. Ƙwaƙwalwar sai ta ɗauka jakar tana nan, fitila ta kama ta mutu yadda ya kamata, alhali cikin sitiyarin fanko ne. Na'urar bincike ba ta tona wannan, sai an kwance murfin an duba da ido.