Daga Tes zuwa Bokal: Wayar Salula, Ciniki da Karatu a Ƙasar Arewa

Sunan garin kansa darasi ne ga ɗalibin ilimin harsuna. Abin da daidaitacciyar Hausa ke rubutawa "Dogon Dutsi", Faransawa sun rubuta shi "Dogondoutchi", kuma kunnensu bai yaudare su ba: a karin harsunan yamma sautin /ts/ yakan ganɗance idan ya zo kafin wasalin /i/ ko /e/, sai a ji wani sauti mai kama da /c/ amma da tunzuri. Ke nan tun zamanin mulkin mallaka akwai tazara tsakanin yadda Arawa ke furta magana, da yadda ake rubuta ta da ƙa'idar Faransanci, da yadda littattafan Hausa suka ce a rubuta ta. Wannan tazara ta daɗe a allunan hanya da takardun gwamnati ba ta dami kowa ba. Wayar salula ce ta fito da ita kasuwa, ta kuma shigar da ita aji.

Dogon Dutsi na kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso ta nufi Birnin Ƙonni, kuma iyakar Nijeriya ba ta da nisa da shi. A shekarar 2011 aka cire Tibiri daga cikinsa ta zama gunduma mai zaman kanta (kada a rikita ta da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi). Gero da wake da gyaɗa su ne jigon noma, ga kuma dankalin Turawa na rani. Manomi a irin wannan wuri babbar matsalarsa ita ce sanin farashi kafin ya ɗora buhu a mota. Binciken da Jenny Aker ta yi a kan kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa zuwan wayar salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin ba boyayye ba ne: falke ya daina tafiya don jin farashi kawai, sai ya buga waya.

Sai dai a wancan lokaci kira yana da tsada, saƙon tes ya fi araha, shi kuwa tes sai wanda ya iya rubutu. A nan ne waya ta fara zama allo. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shirin yaƙi da jahilci da aka sani da ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram, inda aka koya wa manya karatu da lissafi da harsunan gida. A wasu ƙauyukan an ƙara da koyar da sarrafa waya, kuma ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Abin lura shi ne dattijon da ya koyi haruffa ya sami inda zai yi amfani da su kullum, domin yana da ɗa a Legas ko Kwatano da yake son aika wa saƙo.

Wannan ƙaimi ya ragu daga 2013, shekarar da WhatsApp ya fito da saƙon murya, wanda a Nijar ake kira bokal. Da manyan wayoyi suka yi araha, sai mai sayarwa ya daina buƙatar harafi ko ɗaya. Mace mai man gyaɗa a Matankari ko Kore Mairuwa za ta ɗauki hoton kwalabe, ta danna, ta yi magana, ta tura wa rukunin ƴan unguwa ko na dangi da ke birni; kuɗi kuma su zo ta Airtel Money ko ta ofishin NITA. Aikin da ƴar talla da dillaliya ke yi a da, wani ɓangarensa ya koma cikin waya. Tsarin maganar ma bai sauya sosai ba: sallama, gaisuwa, yabon kaya, rantsuwa a kan ingancinsu, sannan farashi a ƙarshe.

Ga mai nazarin karin harshe, a nan albarkar take. Saƙon murya Arewanci ne tsantsa. Za a ji "munka" da "sunka" a shuɗaɗɗen lokaci na biyu inda Kananci ke cewa "muka" da "suka". Za a ji dirka "na" da "ta" a madadin "ne" da "ce". Za a ji "hwari" da "tahi" da "zamna" da "ɗiya". Jimla irin "man da munka tatso yau na" ba ta neman gyaran kowa, kuma mai saye ɗan Arewa da ke Yamai yana jin ta sai hankalinsa ya kwanta, domin karin harshen da kansa shaida ne cewa kayan na gida ne. Masana walwalar harshe sun daɗe suna cewa kari yana ɗauke da martaba ko rashinta. Ga shi a nan yana ɗauke da daraja ta kuɗi.

Rubutun da ke ƙarƙashin hoto kuwa wani labari ne. Yawancin waɗanda suka yi boko a Nijar da Faransanci suka koyi haruffa, don haka "ciniki" yakan fito "tchiniki", "kuɗi" ya fito "koudi", "sannu" ya fito "sannou". Haruffa masu ƙugiya sukan ɓace ko da a wurin wanda ya san su, saboda neman su a allon waya yana cin lokaci, sai "baƙi" da "baki" su zama abu ɗaya, haka "ƙasa" da "kasa". Mutum yakan gane daga muhallin magana. Na'ura ce ke tuntuɓe: wanda ya nemi "ƙuliƙuli" a Facebook ba lallai ya ga tallar wadda ta rubuta "koulikouli" ko "kouli kouli" ba, ita kuwa ta yi asarar mai saye ba ta sani ba. Ko tsakanin masu bin ƙa'ida akwai saɓani, tunda Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y, duk da taron daidaita rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980.

Lambobi sun fi haruffa haɗari. A bakin Bahaushen Nijar ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. "Ashirin" sefa 100 ce, "ɗari" sefa 500, "jika" sefa 1,000. A magana babu ruɗani, kowa ya san dala ake nufi. Amma idan mai kaya ya rubuta 500 a ƙarƙashin hoto, sefa 500 yake nufi, ko dala 500 wato sefa 2,500? Idan mai karantawa yana Kangiwa ko Argungu, hayin iyaka, zai iya ɗauka naira ce. Saboda haka ne ciniki da aka fara da rubutu kan ƙare da "turo mini bokal".

A fannin ilimi lamarin ya zo a kan gaɓa. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, sannan kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Tambayar da ke gaban malamin firamare a Gyeshame ko Dan Kasari ita ce: wace Hausar? Littafi yana cewa "suka tafi", yaro yana cewa "sunka tahi", waya kuma tana nuna masa "sounka tahi". Manhajojin fassara ba su sauƙaƙa ba. Google Translate ya karɓi Hausa a 2013, amma irin waɗannan na'urori daga rubutattun matanoni suke koyo, mafi yawansu na jaridu da gidajen rediyo masu bin daidaitacciyar Hausa. Abin da ba su saba gani ba sukan ɗauke shi kuskure. Malamin da ya bi na'ura ido rufe zai ja jan biro a kan "munka", alhali kalmar tana da tushe a tarihin harshen, kuma rubutattun waƙoƙin ajami na ƙasar Sakkwato cike suke da ita. Ya fi dacewa a nuna wa yaro sigogin biyu gefe da gefe, a faɗa masa inda ake rubuta kowace.

Ɗalibin da ke neman batun kundi zai sami taska a saƙonnin murya na ƴan kasuwar Arewa, magana ce ta haƙiƙa wadda ba a tsara ta don mai bincike ba. Sharaɗi biyu ne kawai ba a tsallake su. Na farko izinin mai murya, domin saƙon da aka tura wa rukunin dangi ba na jama'a ba ne. Na biyu a rubuta shi yadda aka furta, da karin sauti da tsawon wasali, kada mai rubutawa ya mayar da "hwari" ta koma "fari" a kan hanya.