Yadda bakteriyar tumbin saniya ke ƙera zoben bitamin B12

Babu dabba ko tsiro da ya iya haɗa bitamin B12. Aikin ƙananan halittu ne irin su bakteriya, ciki har da waɗanda ke zaune a tumbin saniya da tunkiya, inda iskar oksijin ba ta kaiwa. Ƙashin bayan wannan bitamin wani zobe ne mai suna korin, da ƙwayar ƙarfen kobal guda a tsakiyarsa. Ƙera shi na cin matakai wajen 30, kowanne da enzayim ɗinsa.

Farkon aikin ba wuya. Bakteriya kan sarrafa sinadarin gulutamet ya koma wani ɗan guntu da masana ke kira ALA. Guntu biyu su haɗu su ba da ƙaramin zobe mai kusurwa biyar: kabon huɗu, naitirojin ɗaya. Sai a jera irinsa huɗu a sarƙa, a lanƙwaso kan sarƙar ya tarar da wutsiyarta, amma ba a rufewa sai an juya na huɗun baibai. Wannan babban zoben shi ne kakan jan launin jini da koren ganye.

Daga nan hanya ta rabu. Da zarar an liƙa wa zoben rassan metil biyu, sai a cusa kobal a tsakiya tun aiki bai yi nisa ba. Da wannan gaggawa ake gane bakteriyar da ba ruwanta da oksijin. Mai shaƙarsa, irin su Pseudomonas denitrificans, sai can gaba take sa nata.

Gaggawar na da dalili, domin mataki mafi wuya na tafe. Gadojin kabon huɗu ne ke riƙe da ƙananan zobban nan, kuma dole a cire ɗaya, kamar yadda maƙerin farfaru ke datse zobe ya sake like shi don ya zauna wa yatsa. Mai shaƙar oksijin da oksijin ɗin take sassauta gadar. Wadda ba ta da shi kuwa, masana na ganin kobal ɗin ne ke taya ta. Takan ɗora wa gadar reshen metil, ta ƙara wani a gefe, zobe na ɗaya da na huɗu su manne kai tsaye, gadar ta koma tana reto a waje. Daga bisani a tsinke ta tare da reshenta, su fita a matsayin asitaldihaid. Rassa takwas ake liƙawa duka-duka, bakwai ke saura.

Sauran gyaran fuska ne: a ƙarasa gefuna, a ɗaura wutsiyar da ke kamo kobal ta ƙasa.

Kada sauƙin faɗa ya ruɗi mai karatu. Woodward na Amurka da Eschenmoser na Suwizalan, da masu bincike wajen 100, sun haura shekara 10 kafin su haɗa B12 a ɗakin gwaji a 1972. Hanyar da ba ta bukatar oksijin ma sai a 2013 masana a Jami'ar Kent ta Ingila suka gama bin sawunta.

Mu ma akwai masu wannan sana'a a babban hanjinmu, sai dai can ƙasa da inda jiki ke tsotsar bitamin ɗin, don haka yawancinsa bayan gida yake bi. Saniya ta fi mu sa'a, tumbinta na gaba da hanjinta. Mu kuwa, maikirogiram 2.4 da baligi ke bukata a rana sai ya neme shi a hanta, nama, kifi, ƙwai ko nono.