Kafin Ka Sayi Kwamfutar da Za Ka Ɗora wa Linux

Ɗana, na ji kana tara kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma Linux kake so ka ɗora mata maimakon Windows. Madalla. To amma zauna tukuna mu yi magana kafin ka shiga kasuwa.

Kada ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Linux ba ruwanta da kyan murfi, kayan cikin na'ura take dubawa. Kowane ɓangare yana buƙatar 'yar manhajar da ke tuƙa shi, wadda masu gyara ke kira direba. Kamfanoni sukan shirya wa Windows nata tun kafin kaya su fito, ita kuwa Linux sau da yawa sai daga baya. Shi ya sa kwamfutar da ta fito jiya ta fi wadda ta shekara uku ba da ciwon kai.

Fara tambayar katin wayfay. In na Intel ne, ka huta. In na Broadcom ne, sai ka yi tunani, domin wani lokaci direbansa sai an sauko da shi daga intanet, kai kuma da shi za ka hau intanet ɗin. Ka ga an yi ba a yi ba. Ɓangaren hoto ma haka: na Intel da na AMD suna tashi da kansu, na Nvidia kuwa yana aiki amma yana son lallashi. In ba aikin bidiyo mai nauyi za ka yi ba, me ya kai ka?

Ni dai ThinkPad nake yabawa. IBM ce ta fara ƙera ta a 1992, Lenovo ta karɓa a 2005, kuma da yawa daga masu rubuta Linux ita suke riƙewa, don haka matsalarta ba ta daɗewa ba a gyara ba. Dubi T480 ta 2018: gurbin RAM biyu, batirin waje da ake cirewa da hannu, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Dell Latitude ma ba laifi. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, tsofaffin na'urorin da Windows 11 ta ƙi karɓa sun zama abin nema ga irinka. Ka samu mai RAM giga 8 da SSD, ta ishe ka. Mac masu M1 kuwa ka bar wa masu haƙuri.

Sai babbar maganar. Ka sa Ubuntu ko Linux Mint a filash, ka tafi da shi a aljihu. Ana iya tayar da kwamfuta daga filash ɗin ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A gaban mai shago ka gwada wayfay, sauti, kyamara, da maɓallan ƙara haske. Ka rufe murfin ka ɗan jira, ka buɗe ka ga ko za ta farka, don nan ne da yawa ke ba da kunya. Ka leƙa BIOS kuma: na gwanjo da suka fito daga ofisoshin Turai wasu na zuwa a kulle da kalmar sirri, kuma ta ThinkPad ba ta ciruwa da sauƙi. In mai shago ya hana ka gwaji, yi masa godiya ka wuce shago na gaba.